Duk Sunansu Baba

Kafin a ƙara mana girma, aikinmu a ɗakin karatu na jami'a ba wani abin a zo a gani ba ne a idon mutane. Muna goge littattafai, muna ce wa ɗalibai su yi shiru, muna gadin wayoyin da suka jona a wuta suka tafi cin abinci. Ni da na yi shekaru ina karatun wannan aiki, a unguwar Birni ta Zinder inda aka haife ni har yau in an tambayi gwaggona me nake yi, cewa take ina zaman jiran littattafai kada su gudu. Ban taɓa gyara mata ba, don rabin maganar gaskiya ce.

Sai wata shekara aka ce mana zamani ya canja. Daga yanzu mu ne masu ajiyar bayanan bincike, wato duk abin da malami ya tattaro kafin ya rubuta littafinsa: hirarrakin da ya ɗauka, hotuna, awon gona, ƙidayar awaki. Wasu masu ba da taimako daga ƙasar waje suka ɗauki nauyi, aka kira taron bita a wani otal, aka kawo ƙwararre daga Yamai. Mutum ne mai kirki, mai son allon haske, yana danna hoto yana karanta mana abin da ke rubuce a jiki kamar mu ba mu da ido. Da safe ya ce kowace hira dole a rubuta sunan mai magana, da garinsa, da lokacin da aka yi ta, in ba haka ba hira ce ta banza. Bayan mun ci kaza mun yi sallar azahar, ya dawo ya ce dole a ɓoye sunan mai magana don kare mutuncinsa. Na ɗaga hannu na tambaya wanne za mu bi, na safe ko na yamma. Ya ce tambaya ce mai kyau ƙwarai, ya danna hoto na gaba.

Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, mu kuwa mun ci kaza. Aka kawo wata na'urar ajiyar bayanai baƙa mai ƙugi, aka kwashe littattafan tarihi daga ɗakin da ya fi sanyi aka sa ta, aka kafa mata na'urar sanyaya ɗaki ita kaɗai. Mu muna waje muna fifita da kwali, ita tana ciki kamar mai jego. A watannin zafi nakan shiga in ce zan duba lafiyarta, in ɗan jima.

Abin da ƙwararren bai faɗa mana ba shi ne malaman jami'a ba sa ba da abinsu. Na bi su ofis ofis. Wani ya ce bayanansa ba su nuna ba tukuna, kamar mangwaro. Wani ya ce in ya ajiye a wurinmu abokin aikinsa da ke ofishin kusa zai sace, shi ma na kusan abin da ya ce ke nan game da na farkon. Akwai wanda ya ji kunyar yawan sallamata ya miƙo mini ɗan makullin ajiya na kwamfuta, na buɗe na tarar da hotunan bikin ƙanwarsa. Na'ura ta yi watanni tana shan sanyi da ciki wayam.

Ana nan sai ga Malam. Shi ya koya mini tarihi tun ina ɗaliba, kuma a wancan lokacin ya kusa ajiye aiki. Dogo ne, siriri, mai tafiya kamar yana tsoron ya taka tururuwa. Tun yana saurayi yake yawo da rakoda a ƙauyukan Damagaram, ya zauna gaban tsofaffi su yi ta ba shi labari. Ya je Zermu, ya bi lungunan Birni, amma zuciyarsa tana Gidimuni, bakin tafki, inda ya ɗauki muryoyin masu lambu da masunta suna faɗin yadda ruwan ya ja baya a wasu shekaru ya kuma dawo, da yadda aka raba gonakin rake tun zamanin kakanni. Yawancin waɗanda ya yi hira da su sun riga mu gidan gaskiya. Ya shigo da kwali a hannu, kaset-kaset ne a ciki da katunan waya, ya ajiye a kan teburina ya ce ga amana. Na ce a raina abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Na yi makonni ina juye kaset cikin na'ura, ina jin daɗi. Sai da na zo rubuta bayanin kowace hira murnata ta koma ciki. A jikin kaset na farko an rubuta Baba. Na biyu, Baba. Na uku, Baba na bakin ruwa. Akwai Baba mai tari, akwai Baba na jiya, akwai wani da aka rubuta Baba ɗaya ɗin. Matan kuwa duk Iya ne. Na ce ba komai, ai a farkon hira mai tambaya yakan faɗi da wa yake magana. Na saurara. Kowace hira da gaisuwa take farawa, doguwa, ana tambayar gida da gajiya da ruwa da dabbobi, sannan Malam ya ce, Baba, a ba mu labari. Babu inda suna ya fito.

Na same shi a ofis na ce, Malam, su wane ne waɗannan bayin Allah. Ya dube ni kamar na zo da takalmi cikin masallaci.

"'Yata, ke 'yar Birni ce fa," in ji shi. "Tsoho sa'an ubana zan zauna gabansa in ce masa yaya sunanka? Wannan ai tambayar jandarma ce."

Ya ce sunayen duk ya san su, a gefe ya ji su, daga bakin sa'o'insu da masu kiran su a kasuwa, kuma suna nan a kansa daram. Rubutawa a jikin kaset ne ya ga kamar rashin kunya, a ce ga sunan dattijo tsirara a cikin kwali kowa yana juyawa. Da na ba shi labarin darasin yamma na ƙwararren, ya yi dariya har ya share ido, ya ce to ashe ya riga Turawa, shi tun yana saurayi yake ɓoye sunaye ba a ba shi kaza ba.

Na ji haushi, kuma na rasa inda zan sa haushin. Ni kaina da nake wannan fafutuka ban taɓa kiran sunan maigidana da bakina ba, ɗana na fari kuwa har ya yi gemu ina ce masa wannan yaron. Da wane baki zan ce Malam ya yi laifi. Amma na'ura ba 'yar Birni ba ce. In ka bar gurbin suna babu komai sai ta yi ja, ta ƙi karɓa, ta tura hirar wani ɗakin jira da aka ce na wucin gadi ne.

Muka yi alkawari zai riƙa zuwa muna saurare tare yana faɗa mini. Ya zo, ba zan ci haƙƙinsa ba. Sai dai da murya ta tashi sai ya lumshe ido ya ce Allah ya jiƙan maza, wannan ai shi ne wanda raƙuminsa ya faɗa rijiya, daga nan labarin raƙumi ya cinye mana yamma. In na matsa, sai ya sunkuyo ya faɗi sunan a hankali kamar mai shi yana bayan ƙofa. A haka muka samu kaɗan. Ya ce sauran sai bayan jarrabawa, bayan jarrabawa ya ce bayan azumi, bayan azumi ya ce bari a sha ruwan damina. Akwai kaset guda da ya ware ya ce in kula da shi fiye da sauran, wanda aka rubuta wa Baba na bakin ruwa. Ya ce duk littafin da yake son rubutawa a kan wannan hira zai tsaya, don mutumin ya san tafkin kamar tafin hannunsa. Na ce to sunansa. Ya ce wannan sai mun zauna da natsuwa.

Ba mu zauna ba. Wata safiya hawan jini ya kayar da shi a ƙofar gidansa, ɓarin jikinsa ya shanye, harshe ya tafi. Da na je gaishe shi na tarar da shi a kan tabarma an jingina shi da matashi, idonsa sarai, yana gane kowa, amma kalma ɗaya ta rage masa a duniya, ita ce to. Hannun rubutun shi ne wanda ya mutu. Matarsa ta ce mini tun da ya farfaɗo yake nuna kunnensa da hannun hagu yana nuna hanyar jami'a, su sun zaci ciwon kunne ne har sun sayo magani. Ni na san abin da yake nufi, muryoyin nan da ya ba ni amana ne.

A wannan watan ne shugabanmu na ɗakin karatu ya kira ni. Ya ce masu taimako za su rufe aikin, za a turo mai bincike, kuma duk abin da ke ɗakin jira ba a cika bayaninsa ba za a share shi, don kada rahoto ya nuna aiki rabi da rabi. Kaset ɗin kuwa sun tsufa, wasu a juyin da na yi musu suka tsinke, babu sauran komawa gare su. Na ce aikin rayuwar mutum ne fa. Ya ce ya sani, shi ma ɗalibinsa ne, shi ya sa yake ba ni shawara ta ɗan'uwa: in zauna in raɗa musu sunaye da kaina, ai sunayen Musulmi ba su da yawa, ko na yi kuskure ba zan yi nisa ba. Na ce ban iya yi wa matattu suna ba, ba ni da rago. Na roƙi mota in je Gidimuni. Ya duba takardunsa ya ce babu mota a tsarin aikin, amma akwai sauran taron bita guda, in ina so a shirya shi a kan matsalar rashin sunaye.

Na ɗauki hutun kaina. Na ari lasifika wurin mijin ƙanwata mai ba masu biki haya, na zuba muryoyin a waya, na shiga motar kasuwa tsakanin buhunan albasa. A Gidimuni na fara da gaishe da dattawan gari, na faɗi abin da ya kawo ni. Da suka ji sunan Malam da halin da yake ciki suka yi ta salati, suka ce a shimfiɗa tabarmi a inuwar dabino kusa da masu sayar da rake.

Ban taɓa ganin abu irin na ranar ba. Na kunna murya ta farko, tsoho ya yi gyaran murya a cikin lasifika, sai wani magidanci mai furfura da ke zaune gabana ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Na ce ka san shi. Ya ce mahaifinsa ne. Na ɗaga alƙalami na ce sunansa. Ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya ce ai kowa ya san shi. Na ce a raina an gudu ba a tsira ba, na baro kunya a Zinder na tarar da uwarta a nan.

Wata mata ce ta cece ni, mai goyo a baya, tana yanka rake. Ta saurara ta fashe da dariya ta ce wannan ai tsohon mijinta ne mai rowar goro, ta kira sunansa gaba ɗaya har da laƙabinsa, ta ƙara da cewa ya mutu bai biya ta kuɗin cefane ba. Jikarsa ce. Na manta, ni da ke da takardar shaidar karatu, cewa abin da ɗa ba zai faɗa ba jika yana faɗinsa har da tsiya. Daga nan aiki ya samu hanya. 'Ya'ya da matan mamata su gane murya su sunkuyar da kai, a aika a kira jika daga lambu ko daga bakin rijiya, ya zo ya zazzage sunan yana tsokana. Wasu sun yi kuka, wasu sun yi gardama da lasifika, wani ya ce kakansa ƙarya yake yi game da iyakar gonar nan, tun yana da rai ma haka yake faɗa. Na kwana biyu a gidan wata malamar makaranta ina wannan aiki, alƙalamina bai huta ba.

Baba na bakin ruwa na bari a ƙarshe. Murya ce mai kauri, a hankali, yana magana yana dakatawa kamar mai jiran ruwa ya lafa, can bayansa ana jin kukan tsuntsayen tafki. Dattawa suka ce sun tuna shi, masunci ne baƙo da ya zo daga wajen Zermu ya yi 'yan shekaru a nan ya rasu, ba ya shiga mutane sosai, su mutumin Zermu kawai suke ce masa. Bai bar ɗa ba, balle jika.

Ina shirin kashewa sai na ga mutane suna matsawa. Wata tsohuwa ce ƙarama da ta yini a gefe tana sayar da kuka da kuɓewa busasshiya, ban ji ta ce uffan ba tun da na zo. Ta taso da sanda ta zo ta durƙusa nesa kaɗan da lasifika, ba a gabanta ba, a gefe. Ta jawo mayafinta ta rufe kai sosai, ta sunkuya. Ta ce in mayar daga farko. Na mayar. Da mai muryar ya yi wata 'yar dariya a tsakiyar magana sai na ga kafaɗarta ta motsa.

"Shi ne," in ji ta.

Aka raɗa mini cewa matarsa ce, tare suka zo garin, bayan rasuwarsa ba ta sake aure ba. Na matsa kusa da ita na gaishe ta, na yi mata bayani dalla-dalla. Na ce Iya, in ba a samu sunansa ba, muryar nan sharewa za a yi, kuma mutumin da ya ɗauke ta yana kwance ba ya magana. Na ce ba sai ta ɗaga murya ba, ta raɗa mini a kunne. Ta ce raɗa ma faɗa ce. Na ce to ta nuna mini wani mai sunansa a cikin taron nan, kamar yadda mata ke yi. Ta ɗaga kai ta bi mazan da kallo ɗaya bayan ɗaya, da gaske take nema, sannan ta ce babu. Na ce a garin fa. Ta ce sunan mutanen da ne, yanzu ba a sa shi.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na yi tafiya, na bar gidana, ga abu a bakin mutum kamar goro a kumatu. Na ce mata, da ɗan zafi, Iya, ai ya rasu, ba zai ji ba.

"Ga shi nan yana magana, ki ce ba zai ji ba," in ji ta. "'Yar nan, tun ina yarinya aka kai ni ɗakinsa, bai taɓa jin sunansa a bakina ba. Sai yau a gaban mutane, don wani inji?"

Ta tambaya ko ana iya sa mata muryar a 'yar rediyonta mai cin kati, na sa mata. Ta ƙulle rediyon a bakin zane, ta koma wurin kukarta.

Da na dawo Zinder na wuce gidan Malam kafin in je nawa. Na zauna na karanta masa sunayen da na samo, kowanne ya ce to, wani ya ce shi da ƙarfi, wani ya lumshe ido. Sannan na kunna masa Baba na bakin ruwa, na ba shi labarin tsohuwar. Ya yi dariya da rabin bakinsa mai rai. Daga nan ya yunƙura, ya buɗe baki, jijiyar wuyansa ta tashi, ina ganin sunan ya zo har bakin haƙoransa. Abin da ya fito to ne. Hawaye ya bi ta gefen da ya shanye, matarsa ta share masa da bakin mayafi. Mutum biyu suka san sunan nan a duniya, ɗaya ba za ta faɗa ba, ɗaya ba zai iya ba.

Washegari na shiga ɗakin sanyi na cika gurabe, na'ura tana karɓa tana yin kore. Da na iso kan na ƙarshe na daɗe ina kallon gurbin. Shawarar shugabana tana nan, sunayen Musulmi ba su da yawa, babu wanda zai taɓa kama ni. Na sa yatsu na rubuta abin da matarsa ta ce, Shi ne. Na'urar da ta hana ni barci watanni ba ta ko yi tari ba, ta yi kore ta haɗiye. Mai bincike ya zo ya ga babu ja ko ɗaya, ya yaba mana a rahoto, aka yi taron rufewa aka ci kaza.

Malam ya rasu kafin damina ta zagayo, da sunan a bakinsa. Tsohuwar tana nan, in ji malamar da ta sauke ni. Ta ce kullum da hantsi takan kunna rediyon a ƙofar ɗakinta, kuma kafin ta danna sai ta gyara mayafi.